Rabon Teku a Cikin Ruwan Kogi

Akwai wata magana da aka daɗe ana ji daga bakin injiniyoyi da mahukunta a ƙasashen da ruwan sama bai wadata ba, watau cewa duk ruwan da kogi ya kai teku ya tafi a banza. Wanda ya san wahalar fari ba zai yi saurin musa wannan magana ba. Ga gonaki sun bushe, ga dabbobi suna mutuwa, ga kuma ruwan daɗi yana wucewa ta gaban mutane yana zubewa cikin gishiri inda ba mai iya sha. Bisa wannan tunani ne aka giggina manyan madatsun ruwa a ƙasashe da dama tun daga tsakiyar ƙarni na 20. Jawabin yau zai duba abin da ya faru a bakin Kogin Senegal, inda aka tare ruwan, aka ga sakamakon tarewar, daga bisani kuma aka koma ana auna wa teku rabonsa da gangan.

Da farko ya kamata a san irin wurin da ake magana a kai. Inda kogi ke shiga teku ba a samun wani layi da za a ce nan ruwan daɗi ya ƙare, nan na gishiri ya fara. Ruwan biyu suna garwaya ne a cikin wani yanki mai faɗi na tafkuna da ƙoramu da laka, su ba da ruwan zartsi. A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, na kogi kuwa bai kai ko giram 1 ba. Da yake ruwan gishiri ya fi nauyi, yakan kutsa ta ƙarƙashi ya hau kogi a hankali, na daɗi yana bi ta samansa. Idan kogi ya cika da damina sai ya tura gishirin ya mayar da shi teku. Idan ya janye da rani, gishiri ya sake hawowa. Wannan kai da komo na kowace shekara shi ne ke riƙe da rayuwar wurin.

Kifayen teku masu yawa, da jatan lande, a irin wannan ruwa suke yin ƙuruciyarsu, domin akwai abinci, kuma manyan kifayen da ke cinye su ba su cika shiga ruwa maras zurfi ba. Kogi ne ke kawo abincin, watau laka da ruɓaɓɓun ganyayen da ya kwaso daga tudu. Lakar nan har wa yau ita ce ke gina gaɓa, tana cike gurbin abin da igiyar ruwa ke zaizayewa. A cikinta ne kuma itatuwan mangurof ke kafa saiwoyinsu, waɗanda ke jure zartsi amma suke mutuwa idan gishiri ya yi yawa ƙwarai.

Ƙasar Masar ta ba duniya babban misali na abin da kan faru idan aka yanke wannan hanya. A shekarar 1964 aka tare Kogin Nilu a Aswan, aka gama babbar madatsar a 1970. Kafin nan, ambaliyar kowace shekara takan ɗauko laka fiye da tan miliyan 100, wadda wani kashinta ke shiga Bahar Rum ya ciyar da ƙananan halittun da kifin sadin ke ci. A shekarar 1962 masuntan Masar sun kama sadin kimanin tan 18,000. Kafin shekarar 1970 abin da suke kamawa bai kai tan 1,000 ba. Gaɓar teku kuma wajen Rashid da Dumyat, inda rassan Nilu biyu ke fita, ta shiga zaizayewa. Daga baya kamun kifi ya farfaɗo, amma masana sun danganta hakan da takin zamani da ƙazantar birane da ke gangarawa cikin teku.

To, a koma ga Kogin Senegal. Tushensa yana kan tsaunukan Futa Jalon a ƙasar Gini. Rassansa biyu, Bafing da Bakoye, suna haɗuwa a Bafulabe cikin Mali, daga nan ya zama iyaka tsakanin Senegal da Muritaniya, ya ratsa Futa Toro wadda masu karatun tarihi suka sani, har ya faɗa Tekun Atlantika kudu da birnin San Luwi. Tsawonsa wajen kilomita 1,800 ne. A zamanin da, ambaliya takan iso ƙasan kogin a watannin Agusta da Satumba, ta malale fadamu, ta wanke gishirin da rani ya bari. Bayan ta janye, ruwan teku kan hau kogi, a shekarun ƙarancin ruwa har fiye da kilomita 200.

Mutanen yankin sun tsara sana'o'insu bisa wannan zagaye. Masunta suna kama kifin da ya hayayyafa cikin fadama. Makiyaya suna kawo garkunansu ga ɗanyar ciyawar da ambaliya ta bari, a lokacin da tudu ya bushe. Mata suna yankar wata doguwar ciyawa mai ƙwari suna saƙa tabarmi da ita, suna ɗaure ta da tsirkiyar fata. Fatar kuwa da bagaruwa suke jeme ta, kamar dai yadda majeman Kano da Damagaram ke yi. Suna kuma tara 'ya'yan bado su dafa kamar hatsi. Ba wanda ya shuka ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa. Ambaliya ce ke kawo su kyauta.

Sai fari ya zo. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwan sama ya ja baya a duk faɗin Sahel, kogin ya ragu, yunwa ta shiga. A shekarar 1972 Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa ƙungiyar raya kogin, wadda ake kira OMVS, Gini kuma ta shiga a 2006. Ƙungiyar ta gina madatsun ruwa biyu. Ta Diyama, wadda aka gama a 1986, tana kimanin kilomita 27 sama da San Luwi, aikinta shi ne hana gishiri hawa kogi. Ta Manantali kuwa, a kan Bafing cikin Mali, an gama ta a 1988 don ta ajiye ruwan damina ta kuma ba da wutar lantarki. Aka kuma ja dogayen ganuwoyin ƙasa a gefen kogin don riƙe ruwan da aka tare.

Lalle madatsun sun yi amfani, kuma adalci ne a faɗa. An sami noman shinkafa da rake rani da damina. Birnin Dakar yana samun wani babban kashi na ruwan shansa daga tafkin Giyer wanda kogin ke cikawa, Nuwakshot ma daga kogin ake ja mata ruwa tun shekarar 2010. Injinan Manantali suna raba wuta ga ƙasashe uku. Amma masu tsara aikin sun sa ido ne a kan abin da ke sama da Diyama, ba su yi lissafin abin da ke ƙasa da ita ba.

A gefen Muritaniya, ganuwa ta raba fadamun ƙasan kogin da ruwan daɗi ɗungum. Ruwan teku ne kaɗai ke shiga, rana ta busar da shi, gishiri ya taru shekara bisa shekara, har wasu ƙoramu suka fi teku kansa gishiri. Ƙasa ta yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa, iska tana ɗibar ƙurarta. Itatuwan mangurof suka bushe a tsaye, kurmin bagaruwa ya mutu, ciyawar tabarma ta ɓace, kifi ya ƙaura. Rijiyoyin da ke cikin tuddan rairayi na gaɓa suka koma zartsi. Magidanta da yawa suka bar ƙauyukansu suka tafi ci-rani Nuwakshot, aka bar mata da yara da tsofaffi.

Sama da madatsar kuma wata matsala ce dabam ta ɓullo, ta ruwan daɗi da ke kwance ba ya hawa ba ya sauka. Kacala, wadda a da gishiri da bushewar rani ke kashewa, ta mamaye dubban eka, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama mafakar tsuntsaye masu cin shinkafa. Dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya ya yaɗu. A shekarar 1988 aka fara ganin tsargiyar hanji a Rishar Tol, garin noman rake, inda ba a san ta ba a da, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan ta kama fiye da rabin mutanen garin. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Daga baya masana suka gano wani sashe na dalilin: akwai wani babban jatan lande na kogi da ke cin dodon koɗin, amma ba ya iya haihuwa sai ya gangara ruwan zartsi, 'ya'yansa kuma su sake hawowa. Diyama ta tare masa hanya. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2015, an mayar da jatan landen wani mashigin ruwa na ƙauye, aka ga dodon koɗi ya ragu, cutar ma ta ragu a jikin mutane.

A shekarar 1991 gwamnatin Muritaniya ta keɓe kimanin hekta 16,000 na wannan ƙasa da ta lalace, ta mai da ita gandun halittu mai suna Diyawling. Mazauna wurin ba su yi murna da farko ba, domin sun ga yadda irin waɗannan gandaye kan kori mutane daga wurin kiwo da su. Amma dokar da ta kafa gandun ta ɗora masa nauyin kyautata rayuwar jama'ar kewaye. Da taimakon ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, da kuɗin ƙasar Holan, aka gina ƙofofin ruwa a jikin ganuwar, aka gyara wasu ƙananan ganuwoyi don raba fadamar gida gida. Manufar ita ce a kwaikwayi ambaliyar da aka rasa: a buɗe ƙofa ruwan kogi ya shiga fadama, ya ratsa ta, ya fita ta ƙoramar Ncalla wadda ke haɗe da teku, domin ruwan zartsi ya komo. A shekarar 1994 aka fara sakin ruwan.

A nan ne aikin ilmi ya shigo, gama sakin ruwa ba buɗe ƙofa kawai ba ne. Sai da aka auna tudu da kwarin ƙasar, domin a wuri mai shimfiɗa irin wannan bambancin taƙi ɗaya na iya raba inda ruwa zai kai da inda ba zai kai ba. Aka kakkafa sandunan awon zurfi, ana karanta su a kai a kai. Aka riƙa auna gishirin ruwa a wurare dabam dabam, ana ƙidaya tsuntsaye kowane watan Janairu, ana rubuta nauyin kifin da masunta suka kawo. Tambayoyi huɗu ne ake neman amsarsu: ruwa nawa za a saki, a wane wata, da wane irin sauri, kuma kwana nawa zai yi kafin a janye shi. Ba wani littafi da ke ɗauke da amsar, sai dai a gwada, a auna, a gyara a shekara mai zuwa.

Masanan da suka yi aikin, cikinsu har da Olivier Hamerlynck da Stéphanie Duvail, sun rubuta cewa wani muhimmin sashe na amsar daga bakin mutanen ƙauye ya fito, domin su ne suka san yadda ambaliya take kafin madatsa. Sai dai mutanen ba bakinsu ɗaya ba. Masunta suka nemi a saki ruwa tun farkon Yuli, saboda sun san a lokacin karfasa na ɗauke da ƙwai, tana jiran fadamar da za ta zuba shi. Mata masu saƙar tabarma suka ce a'a. A saninsu, ciyawarsu ba ta yin tsawo sai ruwan sama ya fara taɓa ta ta tsiro kafin ambaliya ta zo, don haka suka nemi a jira har Agusta. Kowane ɓangare yana da gaskiya, kowanne kuma abincin gidansa yake karewa.

Sulhun da aka yi shi ne a kwaikwayi ruwan saman ma. A watan Yuli aka saki ruwa ɗan kaɗan, daidai yadda zai jiƙa ƙasa ya ta da ciyawa, kifi kuma ya sami hanyar shiga. Sa'an nan aka riƙa ƙara shi sannu sannu, kimanin santimita 1 a rana, don kada ya shanye kan ciyawar ta nutse. An gwada wannan tsari a daminar 1996, kuma ya biya bukatar ɓangarorin biyu. Abin lura shi ne, da an saki wannan adadin ruwa gaba ɗaya cikin mako guda, da ciyawa ta ruɓe, da kuma an jinkirta shi wata ɗaya, da kifi ya rasa lokacin haihuwarsa.

Cikin 'yan shekaru wurin ya sake kama. Ciyawar kiwo ta komo, garkuna suka biyo ta. Mata suka kafa ƙungiyoyin saƙa da na lambu. Kamun kifi ya ƙaru ƙwarai, har wasu da suka tafi birni suka komo ga tarunsu. Jatan lande ya sake bayyana a ƙoramun zartsi, 'ya'yan mangurof suka tsiro cikin laka, tsuntsayen ruwa kuwa, su kwasakwasa da agwagin da ke zuwa daga Turai da sanyi, suka riƙa sauka dubbai. A shekarar 2005 hukumar UNESCO ta haɗa Diyawling da gandun Juj na gefen Senegal cikin yanki guda na kiyaye halittu wanda ya ratsa iyakar ƙasashen biyu.

Duk da haka bai kamata a ɗauka cewa an mayar da kome yadda yake a da ba. Yankin da ake malala wa ruwa ɗan ƙarami ne idan aka kwatanta da abin da ambaliya ke rufewa kafin 1986. Ƙofofin ruwa suna tsatsa, ganuwoyi suna zaizayewa, gyaransu kuma kuɗi yake ci kowace shekara. Inda aka bar ruwan daɗi ya daɗe fiye da kima, kacala takan shigo. Ambaliyar da a da take zuwa da kanta, yanzu sai da ma'aikaci da ma'auni da taron shawara.

Shekarar 2003 ta nuna abin da gaggawa kan jawo a irin wannan wuri. A farkon Oktoba kogin ya cika har ruwa ya fara shiga unguwannin San Luwi. Tsakanin kogin da teku akwai wani siririn tudun rairayi mai tsawo da ake kira Harshen Barbari. Don a ceci birnin, aka haƙa masa wata 'yar hanya mai faɗin mita 4, kimanin kilomita 7 kudu da gari, ruwa ya sami mafita. Birnin ya tsira a wannan shekara. Amma igiyar teku ta kama hanyar tana ci, har faɗinta ya kai kilomitoci. Teku ya cinye ƙauyen Dun Baba Jey, mutanensa suka tashi. Gishiri ya shiga rijiyoyi da lambunan albasa na yankin Ganjol, masunta da dama kuma sun rasa rayukansu wajen ratsa sabon mashigin. Garin neman gira aka taɓa ido. Aikin da ya ɗauki shekaru ana aunawa a Diyawling ya gyara ƙasa, wanda aka yi cikin dare ɗaya a San Luwi kuwa har yanzu ana biyan bashinsa.

Wannan fahimta ta fara shiga dokoki. Yarjejeniyar ruwan Kogin Senegal ta shekarar 2002 ta sa kiyaye muhalli cikin abubuwan da dole a duba wajen rabon ruwa. Afirka ta Kudu ta riga ta yi nisa: dokar ruwanta ta 1998 ta ce kafin a ba gona ko masana'anta izinin ɗiban ruwa, sai an ware kashi biyu, ɗaya don bukatar ɗan Adam ta sha da girki da tsabta, ɗaya kuma don lafiyar kogin kansa har zuwa bakinsa. A can nahiyar Amurka, Kogin Kolorado ya shafe shekaru da yawa ba ya kai wa teku sai jefi jefi, saboda yawan ɗiba. Bisa wata yarjejeniya da Amurka da Meziko suka ƙulla a 2012, an buɗe madatsar Morelos a watan Maris na 2014, aka saki ruwa na mako 8, a tsakiyar Mayu ya isa teku, masana suna biye da shi suna auna abin da ya tsiro a bayansa.

Mai sauraro da ke nesa da teku ma ba baƙon wannan labari ba ne. A arewacin Kamaru, madatsar Maga ta 1979 ta hana fadamun Logon ambaliyarsu, sai a 1994 aka sake buɗe wata ƙorama ruwa ya koma wani sashe, kifi da kiwo suka farfaɗo. A Nijeriya, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, masunta da manoman fadamun Haɗeja da Nguru sun ga sauyin ambaliya, sun kuma san kacala sarai. Ko kogi a teku yake ƙarewa ko a tafki, mutanen da ke ƙarshensa su ne kan ji jiki idan aka yi rabo ba da su ba.

Darasin bakin Kogin Senegal ke nan. Ruwan da ya wuce madatsa ya gangara teku yana da aikin da yake yi a hanya: yana wanke gishiri, yana renon kifi, yana gina gaɓa, yana tsare rijiya. Ana iya auna yawan da ake bukata don wannan aiki, ana iya sanin watan da ya dace, muddin an haɗa ma'aunin masani da abin da masunci da mai saƙar tabarma suka sani. Yawan jama'a na ƙaruwa, ana kuma shirin sababbin madatsu a kogunan Afirka ta Yamma da dama. Ya fi sauƙi a rubuta rabon teku cikin tsarin madatsa tun tana kan takarda, da a zo ana fasa ganuwa bayan ƙasa ta yi fari da gishiri.